BURTALI NA KOWA NE: MU TAKA SHI, MU KIYAYE SHI

 A wannan wata za mu yi magana a kan wata hanya wadda kowa ya sani, amma ba kowa ke kula da ita ba. Ba hanyar mota ba ce. Ba ta da kwalta. Ƙafar mutum da kofaton bisa su suka share ta tun zamanin kakanni. Wannan hanya ita ce burtali.

Abin da mai tafiya yake gani

In ka fita daga gari da sassafe ka shiga burtali, za ka ga gonaki dama da hagu. Ga hatsi, ga dawa, ga wake, ga gujiya. Ga itatuwan gawo tsaye cikin gonaki har iyakar ganinka. Can za ka gamu da yaro yana kora awaki. Can kuma mata sun nufi rijiya. Gaba kaɗan amalanke ya ɗauko taki. In lokacin wucewar makiyaya ne, sai ka raɓe ka ba garke hanya.

Ashe ke nan burtali ba na Bafillace kaɗai ba ne. Manomin da ke da tunkiya biyu da san noma, ta nan yake kai su kiwo da mashaya. Mai zuwa kasuwa ma ta nan yake bi. Burtali shi ke haɗa gari da makiyaya, da tabki, da rijiya, da fadamun Korama. Wasu manyan burtalai sukan taso daga arewa, su ratsa ƙasarmu, su tsallaka iyaka zuwa Nijeriya, wajen Maigatari da Ɓaɓura.

Gawo da bisa da gona

Ƙasarmu ta yi suna a kan gawo. Tsofaffi suna ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. Sarki ya san abin da yake tsarewa. Gawo yana zubar da ganyensa da damana, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani kuwa sai ya yi ganye, ya zubar da ƴaƴa. Bisashe su zo su ci, su huta a inuwa, su bar taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo yake fin na fili kyau.

Bayan farin 1973 da na 1984, itatuwa sun ragu ƙwarai. Sai manoma suka koma barin ƴan tsiro a gona lokacin sassabe, suna gyara su har su girma. A 2006 masana suka auna wannan aiki a Magarya da Matamai da Mirya. Suka iske itatuwa sun komo a fili mai kimanin hekta miliyan 1, kuma yawancinsu gawo ne. Baƙi daga ƙasashe dabam-dabam sun zo sun gani da idonsu. Wannan abin alfahari ne gare mu.

Amma mu tuna da abu guda. Bisar da ta ci ƴaƴan gawo ita ke yaɗa irinsa cikin kashinta. Gona tana son taki, bisa tana son kara da harawa. In aka toshe hanyar bisa, gona ma ta yi asara.

Burtali yana tsukewa

Jama'a ta ƙaru. A ƙidayar 2012 an samu mutum fiye da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. A Magarya kuwa an samu fiye da 570,000. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau ƴaƴa biyar ko shida suka raba ta. Kowa yana neman inda zai ƙara.

Ga yadda abin yake faruwa. Bana wani ya ƙara kunya biyu cikin burtali, ba wanda ya ce masa uffan. Baɗi maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ƙara uku. Bayan ƴan shekaru, hanyar da garke yake wucewa a sake ta koma ƴar siririya. Wani wuri ma ta ɓace sam. Inda ya rage kuma, garmani ya cinye shi, ciyawar kirki ba ta fita.

To, makiyayi ya iso da shanu ɗari, ya iske hanya a toshe. Baya babu ruwa, gaba kuma shuka. Shanu ba su tashi sama. Sai su faɗa gona. Daga nan sai cacar baki, sai sanda, sai abin da ba a fata. Wasu makiyaya kuma suna da nasu laifi. Sukan bar wa ƙaramin yaro babban garke, ko su saki bisashe da dare hatsi yana tsaye. Wahalar damana guda sai ta salwanta kafin asuba.

Ba mu manta da abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maradi, a watan Oktoba na 1991 ba. Rikicin manoma da makiyaya ya ci ran mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu. Allah kada ya maimaita mana.

Abin da doka ta ce

Ran 2 ga Maris 1993 gwamnati ta fitar da dokar karkara. Ita ce ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo. Akwai na gunduma, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na ƙauye. A ciki akwai sarakuna, da ma'aikatan gona da na kiwo da na daji, da wakilan manoma da na makiyaya, da na mata da samari.

Ran 20 ga Mayu 2010 kuma aka fitar da dokar kiwo. Ga manyan abubuwan da ta ƙunsa:

1. Tafiya da bisashe neman ciyawa da ruwa haƙƙin makiyayi ne.
2. Burtali dukiyar ƙasa ne. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a noma shi.
3. Wanda ya toshe burtali ya yi laifi, kuma akwai hukunci a kansa.
4. Hukuma ce ke tsai da ranar sakin gonaki kowace shekara, bayan an yi shawara da manoma da makiyaya.
5. In an yi ɓarna, a fara neman sulhu gaban sarakunan gargajiya kafin a je gaban alƙali.

A wurare da yawa Kofo ta auna burtalai, an kafa turakun siminti a gefensu. Turken nan shaida ne. Wanda ya tumɓuke shi ya cuci garinsu duka.

Masu tsallaka iyaka su lura. A 1998 ƙasashen CEDEAO sun fito da takardar shaidar tafiya da bisashe. Ƙasarmu ta fita daga wannan ƙungiya a watan Janairu na 2025. Saboda haka kafin ka tashi, je ka ga ma'aikacin kiwo, ya gaya maka takardun da ake bukata yanzu. Ka yi wa bisashenka allurar rigakafi, ka riƙe shaidarta.

Abin da ya kamata mu yi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ba a sanin lafiyar burtali daga zaure. Sai an taka shi.

Kowace shekara, kafin ruwan shuka ya sauka, mai gari da arɗo da ƴan Kofo su sa rana. Masu gonakin gefe su fito. A bi burtalin da ƙafa daga iyakar gari zuwa iyakar gari. A ƙirga turaku. Inda ɗaya ya faɗi a tashe shi. Inda aka ci hanya a maido ta tun ba a zuba iri ba, don gyara kafin shuka ya fi sauƙi. Wanda ya iya karatu ya rubuta abin da aka gani, kowa ya sa hannu, a aika wa Kofo.

A tafi da yara, su san inda iyaka take. Tsofaffin da suka san ta ba za su dawwama ba.

Manomi, ka dasa aguwa ko wani shinge a bakin gonarka, ba cikin burtali ba. Ka kwashe amfaninka kafin ranar sakin gonaki. In an yi maka ɓarna, kada ka taɓa bisa, kada ka taɓa mai ita. Kira shaidu, ka kai magana gun mai gari.

Makiyayi, ka tsaya cikin burtali har a saki gonaki. Ka sa babba a gaban garke. Kada ka sassare rassan gawon mutane ba da izini ba. In bisarka ta yi ɓarna, ka tsaya ka biya.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da ruga da bakin rijiya. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.