Me Ya Sa Jemage Ba Tsuntsu Ba Ne?

Idan masana za su rarraba dabbobi, ginin jiki suke bi. Tambayarsu ta farko: akwai ƙashin baya? Kifi, kwaɗo, maciji, tsuntsu da akuya duk suna da shi. Fara, tana da dodon koɗi ba su da shi, kuma irinsu sun haura kashi 90 cikin 100 na nau'o'in dabbobin duniya.

To, dubi jemage da kyau. Jikinsa gashi ne irin na ɓera, bakinsa da haƙora, fiffikensa kuwa fata ce shimfiɗe a kan dogayen yatsu. Ba ya yin ƙwai. Haihuwa yake yi, uwar ta shayar da ɗanta nono. Shi ya sa aka haɗa shi gida ɗaya da akuya, ba da shirwa ba.