Kurakuran Da Ake Yi Wajen Ƙawata Farfajiya Da Itatuwa

Kowace damina, makarantu da gidaje da yawa a ƙasar Hausa sukan sami dashe, a haƙa ramuka, a dasa cikin murna. Kafin bazara ta zagayo, wasu sun bushe, wasu kuma awaki sun cinye. Waɗanda suka tsira kuwa, bayan 'yan shekaru sai a ga saiwarsu ta tsaga katanga, ala tilas a kira mai gatari. Galibin wannan asara daga rashin sanin halin tsiro take.

Dasa babban itace kusa da gini

Mutane da dama suna zaton saiwa ƙasa kawai take nutsawa. Masana ilmin tsirrai sun gano cewa mafi yawan saiwoyin da ke tsotsar ruwa da abinci suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma sukan bazu har su zarce inda inuwar itacen ta tsaya. Cediya da durumi da ganji suna da saiwa mai bin danshi, don haka takan kutsa cikin rijiya da salga da bututun ruwa ta kowace 'yar kafa.

Haɗarin ya fi girma a ƙasa mai laka, domin laka takan kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe. Itace yana jan ruwa ta saiwa, ya fitar da shi ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye. Da rani sai ya busar da lakar da ke ƙarƙashin ɓangare guda na harsashin gini, wannan ɓangare ya zauna, bango ya tsage.

Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya take, aka kuma shigo da ita Barno a shekarar 1928, takan kai tsawon mita 15 ko fiye. Turare, ɗan asalin Ostireliya, ya fi ta tsawo da shan ruwa. Irin waɗannan sun dace da bakin hanya da filin makaranta, nesa da azuzuwa da wayar lantarki. Tsakar gida kuwa ta fi dacewa da gwaiba, da lemun tsami, da rumman, da zogale. Idan inuwa ake so, a dasa ta yamma da ɗaki domin tare zafin ranar la'asar.

Kuskuren lokaci da na rami

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, wato daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yankin Kano da Katsina. Wanda ya jinkirta har Satumba ya bar tsiro da saiwa ƙarama ya fuskanci hunturu.

A wajen ramin ma ana kurakurai uku. Na farko, binne dashe da ledarsa, abin da ke sa saiwa ta nannaɗe ta shaƙe kanta. Na biyu, zurfafa shi fiye da yadda yake cikin ledar. Saiwa tana numfashi da iskar oksijin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma gindin da aka binne yakan ruɓe. Na uku, zuba ɗanyen kashin kaji ko na shanu, wanda ke ƙona sababbin saiwoyi. Takin da ya ruɓe sosai shi ake gaurayawa da ƙasar sama a mayar cikin rami. Bayan haka a kewaye dashen da ƙaya ko kwando saboda dabbobi.

Ban ruwa da shara

Yayyafa ruwa kaɗan kullum yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwa kuma ta tsaya a nan inda rana ta fi ƙuna. Bayan dashe ya kama, gara a ba shi ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako, da sassafe ko da yamma, domin saiwa ta bi danshi zuwa ƙasa. Haka nan share ganye a ƙone asarar taki ce. Idan aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin itace, yana rage bushewar ƙasa, ya ruɓe ya zama abinci. Sai dai a bar tazara tsakaninsa da gindin saboda gara.

Siminti da hanyar ruwa

Shafe tsakar gida duka da siminti yana hana ruwan sama shiga ƙasa, yana kuma tara zafin rana ya sake shi da dare. Idan gangaren ya fuskanci ɗaki, ruwa zai ci gindin bango, musamman ginin ƙasa. Inda kuma ruwa ya kwanta, sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10 a lokacin zafi. Saboda haka a tsara magudana kafin a dasa komai.

Tsirrai masu dafi

Kyawun fure ko saurin girma bai isa dalilin dasa tsiro a inda yara ke wasa ba. 'Ya'yan cin-da-zugu da na zurma suna da dafi, zaƙami yana gusar da hankali, nonon tumfafiya kuma yana illa ga ido. Lalle yana yin shinge mai kyau ba tare da wannan haɗari ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a ɗauki fartanya, ya kamata a zana taswirar farfajiyar, a nuna gini da rijiya da salga da hanyar ruwa, sannan a binciki girman da kowane itace zai kai nan da shekara 20. Malaman kimiyya suna iya ba ɗalibai wannan aiki: su auna tazarar itatuwan makarantarsu daga bango, su duba inda tsaga ta bayyana, su kwatanta sakamakon a aji.