Abin da jirgin Titanic ya koya mini a ajin ƙididdiga

Lokacin da na fara karatun lafiyar al'umma a Ingila, babu kwas ɗin da na raina kamar na ƙididdiga. Makon farko aka ce za a koya mana yadda ake ƙirga mutane a zuba su a jadawali, na ce a raina wannan ai aikin ɗan firamare ne. Sai da sakamakon gwajin farko ya fito jikina ya yi sanyi. Tallafin karatun da ya kawo ni ƙasar yana da sharaɗi: wanda ya faɗi kwas, kuɗinsa na iya tsayawa. Daren ranar ban runtsa ba.

Tambayar da ta kayar da ni a kan Titanic ce, jirgin ruwan nan da ya tashi daga Southampton zai je New York, ya yi karo da dutsen ƙanƙara, ya nutse ranar 15 ga Afrilun 1912. Malaman ƙididdiga na son wannan misali, domin kowane mutum da ke cikin jirgin yana faɗawa cikin rukuni ɗaya: ko fasinjan aji na ɗaya, ko na biyu, ko na uku, ko ma'aikaci. Irin wannan shi ake kira bayanan rukuni. Ba a auna su kamar tsayi ko nauyi, ba a kuma fitar musu da matsakaici. Ko an ba aji na ɗaya lamba 1, aji na uku lamba 3, lambobin suna ne kawai. Abin da za a iya yi shi ne a ƙirga mutum nawa ne a kowane rukuni, a jera.

Ga jadawalin da aka ba mu, na mutum 2,201:

Aji na ɗaya: 325, kashi 14.8 cikin ɗari
Aji na biyu: 285, kashi 12.9
Aji na uku: 706, kashi 32.1
Ma'aikata: 885, kashi 40.2

Layi huɗu kacal, amma sun ɗauke wa mutum wahalar karanta sunaye dubu biyu da ɗoriya. Kallo ɗaya za ka gane ma'aikata ne suka fi yawa. Ka'idojin ma ba su da yawa. Kowa ya samu gurbi, kada kuma wani ya shiga gurbi biyu. Idan ka haɗa adadin ya ba ka jimillar da ka fara da ita, kason kuma ya tashi 100, sai dai ɗan bambancin da zagaye lamba kan kawo.

Har nan ban samu matsala ba. Sai aka ƙara mana da adadin waɗanda suka tsira, su 711: aji na ɗaya 203, na biyu 118, na uku 178, ma'aikata 212. Aka tambaya, wane rukuni ne ya fi samun damar tsira? Na duba na ga 212 ta fi kowace lamba girma, na rubuta ma'aikata. Har da ƙarin bayani cewa su ne kusan kashi 30 na waɗanda suka rayu.

Da na je ofishin malamarmu ina ƙorafi, ba ta yi doguwar magana ba. Ta ja layi ƙarƙashin kashi 30 ɗin, ta tambaye ni, cikin su wa? Nan na ga inda na yi tuntuɓe. Na raba 212 da 711, alhali tambayar na bukatar in raba ta da 885. Ma'aikata 212 cikin 885 kusan kashi 24 ne. Fasinjojin aji na ɗaya kuwa 203 cikin 325, sama da kashi 62. Aji na biyu kashi 41, na uku kashi 25. Wato rukunin da na ce ya fi sa'a shi ne ya fi kowa asarar rai. Sun fi yawa cikin waɗanda suka tsira ne domin tun farko su suka fi yawa a jirgin.

Daga baya na je Southampton, garin da mafi yawan ma'aikatan jirgin suka fito, na tsaya gaban abin tunawa da injiniyoyinsa. Mutum 673 cikin ma'aikatan ba su koma gida ba, ni kuwa da alƙalamina na mayar da su masu sa'a.

Akwai darasi na biyu da ya shafe mu kai tsaye, mu da ke zaune a ƙasashen waje: mutum ne ke yanke shawarar rukunan da za su fito a jadawali. A jadawalin harsuna na ƙidayar Ingila da Wales ta 2011, Yarbanci na da layinsa, Ibo na da nasa, Somaliyanci ma haka. Hausa kuwa sai ka neme ta cikin layin sauran harsunan Najeriya. Wanda aka zuba cikin “sauran” an ƙirga shi, amma mai karanta jadawalin ba zai gan shi ba. Shi ya sa yanzu duk fom ɗin da ya ba ni gurbin rubuta harshena, a asibiti ne ko a makaranta, ba na tsallake shi.

Na ci kwas ɗin a ƙarshen zango, alhamdulillahi, tallafina bai tsaya ba. Abin da ya rage mini shi ne ɗabi'a. Idan aka turo labari a WhatsApp cewa kashi kaza na masu aikata abu kaza baƙi ne, kafin in tura wa wani sai na tambayi kaina: cikin su wa aka ƙirga, su nawa ne gaba ɗaya, wa kuma ya tsara rukunan? Ɗan'uwa ɗalibi, idan an ba ka jadawali a ajin farko, ka fara neman jimillar kafin ka kalli lambar da ta fi girma.