Yadda Cutar Korona Take Taɓa Hanta

Tun daga lokacin da cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, har zuwa ranar 11 ga Maris, 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa waba'in ya game duniya, abin da jama'a suka fi saninta da shi shi ne tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, har aka ɗauka iyakacin ta'adinta huhu ne. Alhali kuwa likitocin da suka duƙufa a kan majinyata, suna ɗibar jininsu suna aunawa, tun a makonnin farko suka lura cewa hanta ma tana shan wahala, ba tare da mai ita ya sani ba.

Ita hanta, wadda Allah Ya ajiye a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ita ce take tace jini daga dafi, take sarrafa abinci da magani, take samar da ruwan maɗaciya da sinadaran da suke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Idan ta sami illa, wasu sinadarai nata guda biyu, waɗanda likitoci suke kira ALT da AST, sai su tsiyaya cikin jini su hauhawa. A wani bincike da aka yi a ƙasar Sin a farkon 2020 kan majinyata 1,099, an tarar kimanin mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka auna sinadaran nan sun haura ƙa'ida a jininsa, kuma hakan ya fi yawa ga waɗanda ciwon ya tsananta a kansu.

Masana sun kasa sababin wannan illa gida huɗu. Na farko ita kanta ƙwayar cutar, domin tana shiga jiki ne ta hanyar kama wani sinadari mai suna ACE2, wanda yake da yawa a hanyoyin da ruwan maɗaciya yake bi cikin hanta. Na biyu garkuwar jiki, wadda a wasu majinyata takan wuce haddi wajen yaƙar cutar, ta haifar da kumburi a ko'ina, kamar masu kashe gobara da sukan jiƙa kayan maƙwabci alhali wutar ba ta kai ɗakinsa ba. Na uku ƙarancin iska, domin idan huhu ya gaza, jinin da yake isa hanta ba ya ɗauke da abin da zai wadace ta, balle idan ya soma gudaji a ƙananan jijiyoyi. Na huɗu kuwa, wanda ya fi cancantar a yi tadabburi a kansa tun da yana hannun ɗan Adam, shi ne magani. Gama farasitamol idan ya zarce gram 4 a yini ga baligi yana iya ƙona hanta, kuma hatta remdesivir da aka riƙa bayarwa a asibitoci sai da aka wajabta auna hantar majinyaci kafin a ba shi da kuma yayin da yake karɓarsa.

Alhamdu lillahi, ga akasarin mutane illar ba ta da tsanani, kuma hanta takan murmure da kanta idan ciwon ya wuce. Amma fa lamarin ya sha bamban ga wanda hantarsa ta riga ta ƙandare da tabo kafin cutar ta same shi. Domin kuwa wani nazari da ya tattara bayanan majinyata 745 masu daɗaɗɗen ciwon hanta daga ƙasashe 29 ya nuna cewa 32 cikin 100 na masu ƙandararriyar hanta sun rasu, alhali a cikin waɗanda ciwonsu bai kai wannan matsayi ba 8 ne cikin 100.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, saboda ƙididdigar da aka yi a Najeriya a 2018 ta nuna cewa kimanin 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, galibinsu kuwa ba su da labari. Ga kuma al'adarmu ta cewa da zarar zazzaɓi ya kama mutum sai a aika yaro kemis, a haɗo ƙwayoyi kala uku ko huɗu a leda, a kora da jiƙo ko sassaƙen da babu wanda ya san ƙarfinsa.

Ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, cutar tana nan tana yawo a cikin jama'a. Saboda haka muna kira ga mai karatu da ya je a auna jininsa ya san halin da hantarsa take ciki, ya karɓi rigakafin nau'in B idan bai kamu ba. Idan kuma yana cikin zazzaɓi ya ga farin idonsa ya koma rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ciki ya kumbura, to kada ya tsaya neman maganin shawara a gida, ya garzaya asibiti. Jiki amana ne, kuma neman magani a wurin masaninsa yana daga cikin kiyaye amanar. Allah Ya ƙara mana lafiya.