Dorugu Da Abbega: Daga Tarabulus Zuwa London Ta Bahar Rum

KEFFI: A shekarar 1867 wani Bajamushe mai suna Gerhard Rohlfs ya yada zango a Keffin Abdu Zanga. Daga Tarabulus ya taso, watau bakin Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya bi ta Borno da Bauci. Daga Keffi kuma ya gangara Binuwai, ya bi ta Lokoja har Ikko. Ashe dai hanyar da ta haɗa ƙasarmu da wannan teku tsohuwa ce. To, shekara 12 kafin zuwansa, waɗansu samari biyu 'yan ƙasar nan sun riga sun bi ta zuwa arewa, har suka ƙetare tekun kansa.

Sunansu Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, Abbega kuwa Bamargi ne. Dukansu an kama su bayi tun suna yara, sai wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta su. Da ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, suka koma hannun abokinsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Da shi suka je Sakkwato, suka kai har Timbuktu, suka komo Borno.

A watan Mayu na 1855 suka bar Kukawa. Suka bi ta Bilma da Murzuk, suka yi fiye da wata uku cikin rairayi kafin su ga teku a Tarabulus a ƙarshen Agusta. Garin a lokacin yana hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa. Nan ne kayan Kano, fatu da tufafi, kan kai bakin ruwa. Ta wannan hanya kuma ake koro bayi daga ƙasashenmu. Dubban yara irinsu sun iso garin a matsayin kayan sayarwa, su kuwa Allah ya sa da 'yancinsu suka shiga.

Bayan 'yan kwanaki suka shiga jirgin ruwan Turkawa mai aiki da tururi. Zangon farko shi ne tsibirin Malta, kimanin mil 220 arewa da Tarabulus, wanda ke hannun Ingilishi a zamanin. Babban birninsa, Valletta, an kafa shi a 1566, an kewaye shi da ganuwar dutse, bayan Turkawa sun yi wa tsibirin ƙawanya a 1565 ba su ci nasara ba. Wani abin mamaki kuma, mutanen Malta Kiristoci ne, amma harshensu ɗan'uwan Larabcin Afirka ta Arewa ne, har Ubangiji ma Alla suke kiransa.

Daga Malta sai Marseille, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Faransa. Nan suka sauka, suka bi ta Paris, suka isa London ran 6 ga Satumba. Mai karatu ya duba: hamada ta ci musu wata uku da ɗoriya, amma daga Tarabulus zuwa London ba su cika mako biyu ba.

A yau manyan jiragen yawon shaƙatawa suna tsayawa a Valletta da Marseille, masu hali su sauka su zaga gari, da yamma su koma jirgi. Da yawa hotuna kaɗai suke komowa da su. Dorugu bai riƙe abin ɗaukar hoto ba, amma ya riƙe ido da kunne. A Ingila ya zauna wurin wani malamin mishan, J. F. Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tafiyarsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa. An buga labarin cikin littafin Magana Hausa a 1885, yana kuwa cikin rubuce-rubucen Hausar boko na farko-farko.

Dukansu sun dawo gida. Abbega ya komo a 1857, daga baya ya zama Sarkin Lokoja. Dorugu ya dawo a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, ya rasu a 1912.

To, 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan, ga abin lura. Yaron da aka raba da iyayensa ya yi shekara tara a ƙasar Turawa bai yar da harshensa ba, da shi ne ma ya bar suna. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Wanda ke kwana kusa da tashar Apapa, ya daure wata rana ya je ya kalli jiragen nan da kyau, don in ya koma gida ya sami abin faɗa wa yara.