Rinin Tsatsa a Kan Yadin Lilin na Ƙawata Ɗaki

Tsatsa a wurin mai wanki aibi ce, gama in ta kama tufa, sabulu ba ya fid da ita. Wannan naci nata shi ne marinan Turai suka mai da sana'a, musamman wajen buga zane a kan lilin, watau yadin da ake saƙawa da zaren ɓawon wani tsiro, kamar yadda ake fid da zare daga rama.

Abin da ya ɗaukaka lilin a Ingila doka ce. A shekarar 1721 majalisar ƙasar ta hana amfani da yadin auduga mai bugun zane, ko a jiki ko a kayan ɗaki, domin kare masaƙan ulu da na siliki. Dokar ba ta shafi lilin ba, saboda haka masu bugu suka koma kansa, suna yin labule da rufin kujera da na gado. Sai a 1774 aka janye hanin.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, a jiƙa guntayen ƙarfe cikin ruwa mai tsami, a bar su makonni har ruwan ya ci ƙarfen. Sa'an nan a kaurara shi da ƙaro, wanda jiragen Turawa ke ɗaukowa daga bakin kogin Sanagal, don kada zanen ya malale. A shafa a hatimin katako, a danna bisa yadi. Da farko ba a ganin kome sai alama dushi-dushi. In an tsoma yadin cikin ruwan toka aka shanya, iska ta buge shi, sai ƙarfen ya yi tsatsa a cikin zaren kansa, launi ya fito, daga rawaya mai duhu har zuwa ja-ja irin na jan ƙasa, gwargwadon ƙarfin ruwan. Ga labule wannan babbar fa'ida ce, domin rana da ke kashe yawancin rinin itatuwa ba ta koɗar da tsatsa. In kuma ruwan ƙarfen ya gamu da abu mai bauri, baƙi yake bayarwa. Dukawan ƙasar Hausa sun san wannan tun da daɗewa, da shi suke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa.

Amma ƙarfen da ya riƙe launi shi ne kuma ke cin yadin. A hankali yake raunana zare, balle inda akwai laima. Shi ya sa a gidajen adana kayan tarihi akan tarar da tsohon labule wanda farin jikinsa na nan garau, amma wurin da aka buga ganye ko reshe da ruwan ƙarfe mai kauri ya rududduge, ya bar huda daidai siffar zanen.