Madlen Biyone, telar da ta dangwala yatsa a kan aikinta

Ƴan'uwa masu karatu, kafin mu fara, kowa ya ɗauko kallabi ko wani ƙyalle. Ku ja shi ta tsawo. Bai miƙe ba, ko? Ku ja shi ta faɗi. Nan ma da kyar yake motsi. To, yanzu ku kama kusurwa guda, ku kama wadda ke daura da ita a karkace, ku ja. Kun ga yadda ya saki jiki, ya miƙe? Shi ya sa mace ke ninka kallabi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya kama kai da kyau.

Dalili shi ne, yadi zare biyu ne: na tsaye da na kwance. In ka ja ta inda zaren ya bi, ba ya sakewa. In ka ja a karkace, sai ramukan saƙa su buɗe. Da wannan ɗan sani wata tela ta ƙasar Faransa ta yi suna a duniya. Ana rubuta sunanta Madeleine Vionnet, ana karanta shi Madlen Biyone.

An haife ta a shekarar 1876. Gidansu ba gidan masu kuɗi ba ne. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, ta tashi wurin babanta. Tun ba ta wuce shekara 12 ba aka fidda ta daga lakkol, aka kai ta koyon ɗinki. Ta yi aure tana da shekara 18. Ta haihu, abin da ta haifa bai rayu ba, auren ma ya mutu. Sai ta ƙetare teku zuwa Landan, a ƙasar Ingila, ta ci gaba da aikin allura. Daga baya ta komo birnin Paris, ta yi aiki a manyan gidajen ɗinki. A 1912 ta buɗe nata gidan.

A zamanin ƙuruciyarta, matan Turai suna sa wata matsattsiyar rigar ciki mai sanduna. Ana ɗaure ta da igiya ta baya, a ja har ƙugu ya tsuke. Mace ba ta iya numfashi sosai, duƙawa ma wahala ce. Madlen tana cikin telolin farko da suka yar da wannan ɗamara. A ganinta, riga ce ya kamata ta bi jiki.

Yaya ta yi? Ta riƙa yanka yadin riga duka a karkace. Kafin ita, teloli sun san wannan yanka, amma galibi a wuya ko a bakin riga suke amfani da shi. Ita kuwa ta yi riga sukutum da shi. Rigar tana zuba a jiki kamar ruwa, tana tafiya tare da mai ita. Aikin yana cin yadi, yana kuma son haƙuri, don yadin karkace yana zamewa a hannu.

Ba ta fara aikinta da zane a takarda ba. Tana da ƴar tsana ta icce, wadda ba ta kai mita guda ba. A jikinta take naɗa ƙyalle, ta kafa allura, ta kwance, ta sake, har abin ya yi mata. Sannan a yanka babbar riga.

Gidanta ya bunƙasa. A 1923 ta koma wani babban gini a Paris. Ma'aikatanta sun haura mutum 1000, mafi yawansu mata. Madlen ba ta manta da wahalar da ta sha tana yarinya ba. Ta ba masu ɗinki kujeru masu majingina, don kada baya ya yi ciwo. Ta buɗe masu wurin cin abinci. Ta ɗauki likita da likitan haƙora. Akwai wurin renon yara, akwai hutun haihuwa. Tana ba su hutu da albashi tun kafin dokar Faransa ta tilasta haka a 1936.

Amma akwai abin da ya dame ta: masu satar fasaha. Ta yi watanni tana wahala a kan riga guda, wasu su kwaikwaya, su saida da sunanta. Sai ta ɗauki mataki. Kowace sabuwar riga ana ɗaukar hotonta ta gaba, ta baya da ta gefe, a ajiye don shaida. Cikin rigar kuma ana ɗinka ɗan ƙyalle mai lamba, da sa hannunta, da dangwalen yatsanta. Ɓarawo yana iya kwaikwayon rubutu, amma zanen yatsa kowa da nasa. Ta kai wasu kotu, ta ci shari'a.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939, ta rufe gidanta, ba ta sake buɗewa ba. A 1952 ta ba da kyautar rigunanta da hotunan aikinta, suna ajiye a wani gidan tarihi na Paris. Ta rasu a 1975, tana da shekara 98. Masu koyon ɗinki a ƙasashe da yawa suna nazarin yankanta.

Da yawa cikinmu mun daɗe muna dangwala yatsa a takarda, yanzu mun koyi rubuta sunanmu. Madlen ta haɗa biyun a kan aikin hannunta, don kada wani ya ci guminta.

Tambayoyi

1. Don me yadi ke miƙewa in an ja shi a karkace?
2. Waɗanne abubuwa Madlen ta yi wa ma'aikatanta?
3. Wace alama za ku sa a kan aikinku don a san naku ne?